Ɗakin Sanyi na Waje Don Kasuwanci: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ke sana'ar kayan da ke saurin lalacewa, wata rana firij da firiza za su yi masa kaɗan. Daga nan ake fara zancen ɗakin sanyi. Idan kuma babu wuri a cikin ginin, sai hankali ya koma kan wanda ake girkewa a waje. Ga tambayoyin da aka fi yi kafin a saya, da kuma wasu da ya kamata a riƙa yi amma ba a cika tunawa da su ba sai bayan an biya kuɗi.

Mene ne ɗakin sanyi na waje, kuma me ya bambanta shi da na cikin gini?

Ɗaki ne mai bango na musamman da ke hana zafi ratsawa, da injin da ke zuƙe zafin cikinsa yana fitarwa, wanda mutum kan shiga da ƙafarsa ya jera kaya. Injin da ke cikin na waje da na cikin gini kusan iri ɗaya ne. Bambancin yana wajen abin da kowannensu ke fama da shi. Na cikin gini yana da rumfa a kansa, iskar da ke kewaye da shi ba ta cika canzawa ba. Na waje kuwa rana ta doke shi, ruwan sama ya zuba masa, ƙura ta shiga injinsa, ɓera ya gwada haƙorinsa a wayoyinsa, ɓarawo kuma ya yi sha'awar bututun jan ƙarfen da ke bayansa. Shi ya sa ake yi masa rufi na daban mai gangara, a rufe injin da murfin da ruwa ba ya shiga, a sa ƙofa mai ƙarfi da makulli, a kuma zaɓi inji mai jure zafin wurin. Wanda ya ɗauko ɗakin da aka ƙera don cikin gini ya ajiye shi a fili, zai yi masa aiki na wani lokaci, sannan ruwa ya fara bin mahaɗar allunan rufin yana shiga cikin bangon.

Me ya sa ake kai shi waje tun farko?

Wuri ne babban dalili. Gidan abinci ya fi son teburin baƙi a filin da ɗakin sanyi zai cinye, kanti kuma ya fi son kanta. Sannan injin sanyi zafi yake fitarwa, ga ƙara. Idan yana waje duk waɗannan sun tafi sararin Allah. Motar kaya ma tana iya ja da baya har bakin ƙofarsa. Ga mai hayar gini kuma, ranar da zai tashi sai ya tashi da abinsa.

Iri nawa ake samu a kasuwa?

Uku ne suka fi yawa. Na farko shi ne wanda ake harhaɗawa da allunan bango, kowane allo ƙarfe ne ciki da waje da busasshiyar kumfa a tsakiya, ana kulle su da juna da wani ƙugiya da ke cikin jikinsu. Amfaninsa shi ne ana yin sa daidai girman wurin da ake da shi, ana kuma iya ƙara masa faɗi daga baya. Rauninsa mahaɗar allunan, domin duk inda aka haɗa abu biyu a waje, nan ruwa ke nema.

Na biyu shi ne wanda ake ƙera shi dunƙule guda a masana'anta, a kawo shi a kan mota, a sauke da ƙugiya, a jona masa wuta. Kamfanin Polar King da ke jihar Indiyana ta Amurka ya yi suna da irin wannan, yana lulluɓe jikin ɗakin da zaren gilashi ba tare da mahaɗa ba.

Na uku kwantena ce mai injin sanyi, irin ta jiragen ruwa, mai tsawon ƙafa 20 ko 40. Tana da tambayarta daban a ƙasa, domin a kanta aka fi yin kuskure. Akwai kuma ƙananan ɗakuna masu taya da mota ke ja, waɗanda masu hidimar abinci a taruka kan yi haya na 'yan kwanaki.

Ta yaya injin ke yin sanyi?

A gaskiya ba ya yin sanyi, zafi yake kwashewa. Akwai gas da ke zagayawa cikin bututu. A cikin ɗakin yana bi ta wani tarin bututu mai siraran filafilai da fanka a bayansa, masu gyara suna ce masa ibaforeta, a nan gas ɗin ke tafasa yana zuƙe zafin iska. Kwamfuresa ya ja shi, ya matse shi har ya yi zafi sosai, ya tura shi kondensa da ke waje, inda wata fankar ke busa zafin ya tafi, gas ya koma ruwa. Sai ya bi ta wani ɗan bawul da ke sassauta matsin, ya sake shiga ɗakin da sanyinsa. Haka yake ta zagayawa. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa duk abin da ya hana kondensa shan iska yake kashe sanyin cikin ɗaki.

Digiri nawa ya kamata in sa?

Kayan ne ke faɗa. Nama ɗanye, madara da yawancin ganyaye suna son tsakanin digiri 0 zuwa 5 a ma'aunin Selshiyas. Daskararrun kaya digiri 18 ƙasa da sifili, ko ƙasa da haka. Yawancin alluran rigakafi da wasu magunguna tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma da dama daga cikinsu idan suka daskare sau ɗaya sun tashi aiki.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne zaton cewa ƙarin sanyi ƙarin alheri ne. Ayaba tana son digiri 13 zuwa 14. Ka sa ta a digiri 4, ɓawonta ya yi baƙi kuma ba za ta nuna yadda ya kamata ba. Tumatir da kokwamba su ma sanyi mai yawa yana yi musu illa. Ga kuma batun maƙwabtaka: tuffa da nunanniyar ayaba suna fitar da wata iska mai suna etilin wadda ke sa ganyaye su yi rawaya da wuri. Mai kaya iri-iri sau da yawa ɗakuna biyu ƙanana sun fi masa ɗaya babba.

Yaya zan san girman da ya dace da ni?

A nan ne ciniki yake gyaruwa ko ya ɓaci, don haka bari mu ɗan daɗe.

Girma iri biyu ne: faɗin ɗakin, da ƙarfin injin. Kowa yana auna na farko da idonsa. Na biyun ne ake mantawa. Ɗakuna biyu masu faɗi ɗaya suna iya buƙatar injuna mabambanta ƙwarai, idan ɗaya daskararrun kaya ake kawo masa daga wata firiza, ɗayan kuma kayan gona ne da aka tsinko da rana tsaka suna ɗauke da zafin gona.

Ga ɗan lissafi. Yawancin kayan lambu kusan ruwa ne, kuma sai an cire kusan kilojul 4 na zafi (kilojul ma'auni ne na yawan zafi) kafin kilo ɗaya ya sauka da digiri ɗaya. To a ce an shigo da tan ɗaya yana digiri 30, ana so ya sauka zuwa 5. Kilo 1,000 sau 25 sau 4, ya ba da kilojul 100,000, wato wajen kilowat-awa 28 na zafi da inji zai kwashe, kuma wannan na kayan ne kawai. Ba a sa zafin da ke ratsa bango ba, ba a sa iskar da ke kutsowa duk lokacin da aka buɗe ƙofa ba, ba a sa zafin fankoki da fitilu da jikin ma'aikata ba, ba a kuma sa numfashin kayan lambun ba, domin suna da rai kuma suna fitar da zafi ko bayan girbi. Idan daskarewa ake so, lamarin ya ninka: mayar da kilo ɗaya na ruwa ƙanƙara yana cin kilojul 334, wato kusan daidai da sauke shi digiri 80.

Masu lissafi na ƙwarai ba sa tsara inji ya yi aiki awa 24. Sukan ɗauka zai yi awa 16 zuwa 18, sauran lokacin na narkar da ƙanƙara ne da hutu. Babban inji fiye da kima shi ma ba gwaninta ba ne, zai riƙa tashi yana mutuwa a kai a kai, kuma wannan shi ke gajiyar da kwamfuresa.

Saboda haka idan mai sayarwa ya faɗi farashi bai tambaye ka wane kaya za ka sa ba, nawa ke shiga a rana, da wane zafi suke zuwa, sau nawa za a buɗe ƙofa, to akwati yake sayar maka. Ni dai a ganina wannan kaɗai ya isa mutum ya nemi wani.

Yaya kaurin bango ya kamata ya kasance?

Ga ɗakin sanyi na yau da kullum, milimita 80 zuwa 100 aka saba. Ga firiza, 120 zuwa 150. A wuri mai zafi, kuma a waje, ɗauki na sama. Kumfar foliyuritan da 'yar'uwarta da ake kira PIR su suka fi hana zafi wucewa, PIR kuma ta fi jure gobara. Farar kumfar nan mai ƙwaya-ƙwaya ta fi araha, amma sai an ƙara mata kauri sosai, kuma wuta ba ta yi mata da sauƙi. A Amurka tun daga 2009 doka ta gindaya mafi ƙarancin ƙarfin bangon irin waɗannan ɗakuna, ta kuma wajabta ƙofa mai rufe kanta.

Abokin gabar kumfa shi ne danshi. Da zarar ruwa ya shiga cikinta ta daina aikinta, kuma daga waje ba za ka gani ba. Abin da za ka lura da shi shi ne inji ya daina hutawa, ko wani sashe na bango ya riƙa zufa da safe.

Ina ya fi dacewa a girke shi?

A inuwa, inda iska ke wucewa, a kan daɓe mai tudu.

Na taɓa tsayawa kusa da wani ɗaki da mai shi ke kukan ya daina sanyi da rana, wai sai dare yake dawowa hayyacinsa. An riga an ƙara masa gas sau biyu. Da aka zagaya baya sai ga kondensa an matse ta tsakanin ɗakin da katanga, tazarar ba ta fi kamu biyu ba, an kuma jingina fankon kwalaye a gefe. Iskar zafin da fanka ke fitarwa tana dukan katanga ta dawo, injin ya sake shaƙa. Filafilan kuwa sun toshe da ƙura da gashin tsuntsu har sun zama kamar bargo; mai gyaran ya sa yatsa ya ɓamɓaro shi falle guda. An wanke, an kwashe kwalayen, daga baya aka ɗaga kondensar zuwa inda take shan iska. Gas ɗin da aka ƙara ma sai da aka rage, don ya yi yawa.

Masu sana'ar suna da ƙiyasin da suke aiki da shi: duk digiri ɗaya da zafin kondensa ya hau, wutar da inji ke ci tana ƙaruwa da kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, ƙarfin sanyayawarsa kuma yana raguwa. Shi ya sa rumfa mai sauƙi a saman ɗakin, da tazara tsakaninta da rufin don iska ta ratsa, takan biya kuɗinta. Farin fenti ya fi mai duhu. Kada ƙofa ta fuskanci inda rana ke duka da yamma ko inda iska ke kaɗowa da ruwa. Kuma a tambayi mai sayarwa a wane zafin waje aka auna ƙarfin injin. Injin da aka auna a digiri 32 ba zai ba da wannan ƙarfin a digiri 43 ba, ko da takardarsa ta yi kyau.

A ƙasashe masu tsananin sanyi fa, ai aiki ya yi sauƙi?

Abin mamaki, a'a. Idan waje ya yi sanyi ƙwarai, matsin gas a kondensa yana faɗuwa har bawul ya kasa ciyar da ibaforeta. Gas kuma yana gangarawa ya gauraya da man kwamfuresa lokacin da yake hutawa, idan ya tashi sai ya tashi ba mai sosai. Don haka ake sa ɗan hita a gindin kwamfuresa, da na'urar da ke rage gudun fankar kondensa. A wasu wurare har hita ake sawa cikin ɗakin kansa, don kada kayan da ake so a digiri 3 su daskare. Rufin ma sai an lissafa nauyin dusar ƙanƙara.

Dole ne sai na yi daɓen siminti?

Kusan dole. Idan ƙasa ba ta daidaita ba, ɗakin zai karkace, ƙofa ta daina haɗuwa da bakinta. Daɓen ya ɗan fi ƙasar wurin tudu saboda ruwa, a kuma yi wa ruwan da ke fitowa daga injin hanya.

Firiza tana da nata sharaɗin. Sanyinta yana ratsa daɓe a hankali ya daskarar da danshin da ke cikin ƙasa, ƙanƙarar ta kumbura ta ɗaga daɓen har ya tsage. Abin yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana. Maganinsa kumfa a ƙarƙashi, tare da wayar hita ko bututun iska a ƙasan kumfar, ko a ɗaga ɗakin gaba ɗaya iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsa.

Ana ta maganar za a hana wasu gas. Wanne zan zaɓa?

Maganar gaskiya ce, kuma ita ce ta fi sauya wannan kasuwa a shekarun nan. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawo ƙarshen tsofaffin gas masu cinye lemar ozon da ke kare duniya daga illar hasken rana, irin su R-12, sannan R-22 ya bi layi. Aka koma kan dangin HFC, musamman R-404A a firizoji da R-134a a matsakaicin sanyi. Waɗannan ba sa taɓa ozon, amma suna ɗumama duniya sosai: kilo ɗaya na R-404A da ya zurare daidai yake da kusan kilo 3,900 na iskar kabon, na R-134a kuma kusan 1,430. A watan Oktoban 2016 ƙasashe suka amince da yi wa wannan yarjejeniya gyara a birnin Kigali na Ruwanda, wanda ya fara aiki a 2019, don rage su mataki-mataki. Tarayyar Turai ta hana sababbin injunan sanyi na girke masu gas irin R-404A tun 2020, ta kuma ƙara tsaurara dokarta a 2024. Amurka ta kafa tata dokar a 2020, mai nufin rage HFC da kashi 85 cikin ɗari zuwa 2036. Ƙasashe masu tasowa an ba su ƙarin lokaci, amma hanyar ɗaya ce.

Me wannan ke nufi ga mai saye? Ɗakin sanyi abu ne na shekara goma sha wani abu. Gas ɗin da ake rage yinsa zai riƙa tsada da wuyar samu, jabunsa kuma ya yawaita. Injuna masu tsohon gas da aka daina sayarwa a wata nahiya sukan ɓullo a wata da farashi mai daɗi. Araha ba ta ado.

Madadin da ake da su kowanne da halinsa. R-290, wato furofen, yana aiki da kyau ko a zafi, illarsa ga yanayi kusan babu, amma yana kama wuta, shi ya sa aka ƙayyade yawan da ake zubawa; ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ɗaga iyakar daga giram 150 zuwa 500 a 2019 ga ƙananan injunan kasuwanci masu haɗe da komai nasu. R-744, wato iskar kabon kanta, ba ta kama wuta, amma tana aiki da matsi mai yawa, kuma idan zafin waje ya doshi digiri 31 sai injin ya koma wani salon aiki mai cin wuta, sai an ƙara masa dabaru. Amoniya ta manyan rumbuna ce, tana da guba kuma ba ta shiri da jan ƙarfe. Akwai kuma gauraye irin su R-448A da R-449A da ake maye gurbin R-404A da su, waɗanda illarsu ba ta kai rabin tasa ba, sai dai su ma na wucin gadi ne.

Shawarata: zaɓi mafi sabunta daga cikin waɗanda mai gyaran da ke kusa da kai ya iya aiki da su. Injin zamani da babu mai taɓa shi sai an ɗauko injiniya daga nesa, ranar da ya tsaya kayan ciki ba za su jira ba.

Kwantenar jirgin ruwa ta hannu fa? Na ga kamar ta fi sauƙi.

Tana da kyau a inda ta dace. An ƙera ta don gishirin teku da jifan ƙugiya, don haka zaman waje ba ya ba ta tsoro. Mai ƙafa 20 tana ɗaukar wajen kubik mita 28, doguwar mai ƙafa 40 wajen 67, kuma yawancinsu suna iya sauka har ƙasa da digiri 25 ƙarƙashin sifili. Injunansu galibi na Carrier Transicold ne, ko Thermo King, ko Daikin, ko Star Cool, don haka ana samun kayan gyaransu.

Amma a san abu huɗu. Wuta mai layi uku take ci, tsakanin bolt 380 zuwa 460, ba ta gida ba. An yi ta ne don ta riƙe sanyin kayan da aka riga aka sanyaya, ba don ta sauke zafin sabon girbi da sauri ba. Iskarta ta ƙasa take fitowa, ta bi ramukan daɓen alminiyon, ta hau ta cikin kaya ta koma ta sama. Idan aka toshe daɓen ko aka jera kaya suka wuce jan layin da ke jikin bango, na bakin ƙofa ba za su ga sanyi ba. Na huɗu, ƙofofinta na tafiya ne, masu nauyi da sanduna, ba na buɗewa sau hamsin a rana ba, kuma asalinsu ba sa buɗuwa daga ciki. Masu mayar da ita ɗakin ajiya sukan sa mata ƙaramar ƙofa, labulen roba, fitila da ƙararrawa. Kafin ka biya, a kunna ta a gabanka ta sauka zuwa digirin da kake so, ka kuma duba shekarar ƙirarta a farantin da ke jikin ƙofa.

Zai yi aiki da janareta ko sola?

Zai yi, amma a lura da tashin kwamfuresa. A daƙiƙar da yake tashi yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci idan ya daidaita. Janaretan da aka auna da cin yau da kullum sai ya durƙusa a wannan lokacin. Kwamfuresa mai inbata yana tashi a hankali, yana kuma rage gudu idan aiki ya yi sauƙi, shi ya sa ya fi dacewa da janareta da sola duka. Wutar da ke hawa da sauka ita ce ta fi kashe kwamfuresa, don haka na'urar kariya ba ado ba ce.

Game da sola, sa'ar da aka yi ita ce lokacin da ɗakin ya fi buƙatar ƙarfi shi ne lokacin da rana ta fi haske. Matsalar dare ce. Wasu batir suke tarawa. Wasu kuma da rana suke daskarar da tankin ruwa ko wani sinadari mai daskarewa a digirin da aka zaɓa, da dare ya riƙa narkewa yana riƙe sanyin. Kilojul 334 ɗin nan da ya zama nauyi wajen daskarar da kaya, a nan ya zama taska, kuma ƙanƙara ba ta tsufa kamar batir. Wannan dabarar ta fi dacewa da ɗakin kayan lambu; firiza da sola zalla tana buƙatar jari mai nauyi.

Me ya sa ƙanƙara ke taruwa a jikin injin na ciki?

Danshin iska ne ke daskarewa a kan filafilan, kuma yawancinsa ta ƙofa yake shigowa. Kaɗan ba laifi, injin yana narkar da ita da kansa sau da yawa a rana, da hita ko da gas mai zafi. Idan ta zama dutse, to ko hitar ta mutu, ko bututun fitar ruwa ya toshe, ko ana barin ƙofa a buɗe, ko robar bakin ƙofa ta saki. Gwajin robar ba wuya: maƙale takarda ka rufe ƙofa a kanta, ka ja. Idan ta zare ba gardama, robar ta gama. Ko wani ya shiga da tocila da dare a rufe, na waje ya duba inda haske ke leƙowa. Kada a sa wuƙa ko sukundireba a fasa ƙanƙarar, bututun siriri ne.

Idan ƙofa ta rufe da mutum a ciki fa?

Dole ƙofar ta kasance tana buɗuwa daga ciki ko da an sa mata kwaɗo ta waje. A gwada wannan maɓallin duk mako, domin a firiza yakan daskare. A sa ƙararrawa da fitilar da ake kunnawa daga ciki. Na waje ya fi haɗari a nan, don bango mai kauri ne kuma ba lallai wani ya wuce ta wurin ba. Firiza kuma tana buƙatar ɗan bawul a bango mai daidaita matsin iska, in ba haka ba bayan an rufe ƙofa iskar da ta shiga takan tsuke ta riƙe ƙofar gam.

Su wa ke sayen waɗannan ɗakuna, kuma ina kasuwar ta dosa?

Gidajen abinci, otal-otal, kantuna, mahauta, masunta, masu furanni, makarantu, asibitoci, sojoji da ƙungiyoyin agaji. Sana'ar sanyaya kaya a wajen gini ta daɗe: tun 1938 Frederick McKinley Jones da Joseph Numero suka kafa kamfanin da ya zama Thermo King a Amurka, da injin sanyi na motocin kaya. Abin da ya ƙara mata wuta daga baya shi ne sayen kayan abinci ta intanet, wanda ke buƙatar ƙananan rumbuna kusa da masu saye, da kuma rabon rigakafin korona, wanda ya tona asirin ƙarancin wuraren sanyi a ƙasashe da dama. Buƙatar kuwa tana nan jibge: wani rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya nuna cewa a 2017 an yi asarar tan miliyan 526 na abinci, kusan kashi 12 cikin ɗari na abin da duniya ta samar, saboda rashin sanyaya.

Wani abin lura shi ne yawancin masu harhaɗa ɗakunan ba su suke ƙera zuciyar injin ba. Kwamfuresa da bawuloli daga 'yan kamfanoni kaɗan suke fitowa, irin su Copeland, Bitzer na Jamus, Danfoss na Denmak da Tecumseh. Don haka sunan da ke jikin ƙofa bai kai sunan da ke jikin kwamfuresa muhimmanci ba.

In saya ko in yi haya?

Aikin kaka ɗaya, ko taro, ko lokacin da ake gyaran na cikin gini, haya ta fi. Aikin shekara da shekaru, saye ya fi. Akwai kuma tsari na uku da ke yaɗuwa a Afirka da Asiya: kamfani ya girke ɗaki mai sola kusa da kasuwa ko gonaki, ƙananan 'yan kasuwa su riƙa biyan kuɗin kwando a kullum.

Na'urar da ke turo saƙo a waya tana da amfani, ko ƙarin kashe kuɗi ne?

Ga na waje tana da amfani ƙwarai, domin ba wanda ke jin shirun injin idan ya tsaya da tsakar dare. Tana auna sanyi, tana lura da ƙofa, tana kuma adana tarihin digiri wanda masu duba lafiyar abinci da magunguna kan nema. A tabbatar tana da batirinta, don lokacin da wuta ta ɗauke ne aka fi buƙatar ta yi magana. Kuma a sa lambar mutum biyu.

Me zan nema a rubuce kafin in biya?

Lissafin zafin da aka yi da irin kayanka. Zafin wajen da aka auna injin da shi. Kaurin bango da irin kumfar. Sunan gas da sunan kwamfuresa. Garanti, a rarrabe: na bango daban, na kwamfuresa daban, na kuɗin aikin mai gyara daban, domin sau da yawa dogon garantin da ake tallatawa na bango ne kawai. A tambaya ko garantin ya amince da girkewa a waje, da kuma abin da ke soke shi. Rashin wanke kondensa da wuta marar daidaito suna cikin dalilan da aka fi kafa hujja da su. Sannan a nemi a rubuta awa nawa mai gyara zai ɗauka kafin ya iso idan an kira shi ranar hutu, da kayan gyaran da za a bar maka a hannu tun ranar girkewa: injin fanka guda, robar ƙofa, da kwantakta, wato makunnin da ke tayar da kwamfuresa.